Wayoyin Gidan Alhaji Ɗan'auta

Yola, 4 ga Maris

Ƙanena Jamiluddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Zamzam da yara. Yaya ƙafar Inna? Kada ka yarda da "na sha magani" ɗinta sai ka gani da idonka.

Hoton takardu biyu ne a gabana, duka a kan gidan Alhaji Ɗan'auta mai citta da ka ce in saya. Ta farko kai ka turo, daga wani mai gyaran wuta da ban sani ba. Ya ce a canja soket shida da makunni huɗu, naira dubu ɗari biyu da hamsin har da kuɗin aiki. Ta biyu daga Okwudili ce, shi ma mai gyaran wuta, ɗan gidan Baba Nonso na kwatas ɗin reluwe, wanda muka yi firamare tare da yayarsa. Ni na kira shi na ce ya je ya duba. Ban yi shawara da kai ba, kuma ba zan ba ka haƙuri ba. Shi cewa ya yi a zare kowace waya a gidan a sa sabuwa, miliyan ɗaya da dubu ɗari tara.

Gida ɗaya ne, Jamilu. Ɗaya daga cikin takardun nan ƙarya take yi.

Shekara talatin da biyar ina tsaye a ɗakin haihuwa kafin in tara kuɗin nan. A watan Yuni zan ajiye aiki, daga nan babu wani da zai sake shigowa. Ni da Inna za mu zauna a gidan. Kada ka kira ni, na san bakinka. Ka rubuta da hannunka, ka ɗauki hoto ka turo.

Ka gaida kowa.

Yayarka,
Amatullahi

*

Kafanchan, 6 ga Maris

Yaya Amatu,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya lau, Inna tana gaishe ki, ƙafa da sauƙi.

Wallahi Yaya takardarki ta sosa min rai. Wata uku ina barin shago ina yawo a babur, daga wannan layi zuwa wancan, don in samo miki gida mai rijiya kusa da asibiti. Ladan da na samu shi ne a turo wani ya bi bayana.

To bari in gaya miki yadda mutumin naki ya duba gidan, don ina wurin. Ranar Alhamis ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofa ya fi minti biyar kamar wanda aka hana shiga. Da ya shiga, ko soket ɗaya bai kwance ba. Bai nemi tsani ba, bai leƙa cikin silin ba. Ya tsaya a ɗakin da ke jikin kicin, ya ɗaga kai ya kalli sama, ya fita. Duka-duka kwata ɗin awa. Da na tambaye shi me ya gani, sai ya ce, "Zan rubuta wa Sista." Ta ina mutum zai san gida na buƙatar naɗin waya goma sha ɗaya alhali bai auna komai ba?

Shi kuwa Saifuddeen da na kai, maƙwabcina ne a kasuwa, wuni guda ya yi. Mun kunna kowane ƙwai, kowace fanka, duk suna aiki. Silin sabo fil, fenti sabo.

Ki kuma tuna Okwudili shagon sayar da wayar wuta gare shi. Wa kike jin zai sayar miki da naɗi goma sha ɗayan?

Alhaji ya ce idan ba a ba shi kafin alƙalami ba zuwa ƙarshen wata, akwai masu jira. Mutumin kirki ne, kada mu ɓata masa.

Na bar ki lafiya.

Ƙaninki,
Jamilu

*

Yola, 7 ga Maris

Malam Okwudili,

Barka da aiki. Ina fata kana lafiya, da Chinyelu da yara. Na gode da ka amsa kirana ka je gidan.

Ƙanena ya ce kwata ɗin awa ka yi, ba ka hau silin ba, ba ka kwance komai ba. Na sake karanta ƙiyasinka sau uku. Ka rubuta cewa wayoyin a kan katakon rufi suke kwance babu bututu. Ka rubuta cewa akwai haɗi a cikin bangon kicin, bayan inda ake ajiye firji, kuma sai an fasa filasta kafin a kai gare shi. Ka rubuta cewa babu wayar da ke kwashe wuta zuwa ƙasa.

Na yi shekaru ina duba masu ciki, amma ban taɓa faɗin yadda ɗa ya kwanta ba sai na ɗora hannu. Kai ta yaya ka ga cikin bango?

Ko dai ka ƙirƙira ne don in firgita in sayi kayan shagonka, ko kuwa akwai abin da ka sani ba ka faɗa ba. Don mahaifinka na neme ka, mutumin da ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Ina jiran amsa a rubuce.

Ka huta lafiya.

Amatullahi Sa'idu

*

Kafanchan, 11 ga Maris

Sista Amatu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ki yi haƙuri na yi kwana huɗu ban amsa ba. Na fara takardar nan sau uku ina yagewa.

Jamilu bai yi ƙarya ba. Ban hau silin ba domin na san abin da ke ciki. Ni na yi wayarin ɗin gidan.

Shekara goma sha huɗu ke nan. Lokacin ban daɗe da barin wajen ogana ba, shi ne babban aikina na farko. Alhaji ya ce shi zai sayo kaya da kansa. Da na yanka wayar, sai na ga cikinta fari, ƙarfe ne aka shafa masa ruwan tagulla. Na ce, "Alhaji, wannan ba za ta ɗauki dutsen guga ba." Ya ce, "Ka yi ko in kira wani." Chinyelu tana da cikin fari, haya tana bin mu. Na yi. Bai sayi bututu ba, na shimfiɗa a kan katako. Waya ta ƙare a kicin, na haɗa da guntu, na naɗe da salatif, birkila ya rufe da filasta.

Shekara uku da suka wuce wata malamar makaranta tana haya a gidan, sunanta Miriyam. Wata ranar Asabar da rana tana guga a falo, silin ɗin ɗakin da ke jikin kicin ya kama wuta. 'Yarta Tamar tana barci a ciki, shekararta shida. Maƙwabta sun fito da ita da rai, amma hannunta na dama ya ƙone daga kafaɗa har wuyan hannu. Alhaji ya ce gugarta ce ta jawo. Ya sallame su, ya sa sabon silin, ya yi fenti. Sun koma Fadan Kagoma. Ba wanda ya tambayi wa ya yi wayarin, ni kuma ban fito na faɗa ba. Ko Chinyelu sai jiya ta ji.

Da kika ba ni kwatancen gidan a waya, na so in ce ba ni da lokaci. Amma kin ce Inna za ta zauna a ciki, kuma na san ba ta iya gudu.

Ki sake duba takardata. Babu layin kuɗin aikina. Kaya ne, da birkila, da kafinta da zai canja katakon da ya ƙone. Kada ki sayi ko ƙusa ɗaya a shagona. Ki saya a Jos ko Kaduna, inda kika ga dama. In kuma ba ki son hannuna ya sake taɓa gidan, ki ba wani, amma a zare komai.

Allah ya tsare ki.

Okwudili

*

Yola, 12 ga Maris

Jamilu,

Sallama da gaisuwa. Ga hoton wasiƙar Okwudili nan, ka karanta a zaune.

Kada ka ɗauka na yarda da shi. Mutumin da ya iya yin shiru shekara goma sha huɗu zai iya tsara labari mai sa hawaye. Wataƙila kuma wata tsohuwar rigima ce tsakaninsa da Alhaji yake so ya rama da kuɗina. Don haka ka ari tsani, ka ɗauki tocila, ka hau silin ɗin ɗakin nan da kanka. Ba Saifuddeen ba, kai. Ka ɗauko min hoto, ka yanko guntun waya.

Sai abu na biyu. Na san ka tun kana rarrafe. Kai ne ke tsayawa ciniki da mai tumatir har ya gaji ya ƙara maka. Amma an ce maka gida miliyan goma sha shida, ba ka nemi ragin ko naira ɗaya ba, sai ma tuna min kake yi kada mu ɓata wa Alhaji. Nawa ya ce zai ba ka?

In ka faɗa da bakinka, maganar za ta tsaya tsakaninmu. In a wajen wani na ji, Inna ma za ta ji.

Ka gaida Zamzam.

Yayarka

*

Kafanchan, 15 ga Maris

Yaya,

Salam. Ban san ta inda zan fara ba.

Dubu ɗari biyar ne. La'ada ce ya ce zai ba ni ranar da kika biya. Na ce a raina ai kowane dillali yana karɓa, kuma mai shagona ya ƙara haya. Saifuddeen ma ni na ce masa ya duba abin da ido ke gani kawai, kada ya tono mana aiki. Amma na rantse da Allah ban san da gobara ba. Lokacin ina Samaru Kataf wajen surukaina, ban ji labarin ba.

Na hau jiya. Yaya, katako huɗu baƙi ƙirin, na danna ɗaya da yatsa ya burma kamar gawayi. Da na kama wata waya, robar jikinta ta marmashe a hannuna. Na yanko guntu, cikinta fari ne kamar yadda ya faɗa. Ga hotuna nan. Ɗakin ne na riga na zaɓa wa Inna saboda yana kusa da banɗaki. Na sauko na mayar da tsanin.

Daga nan na wuce rumbun citta wajen Alhaji. Da farko ya ce, "Wace gobara? Ɗan hayaƙi ne kawai." Sai na ajiye masa guntun katakon a kan buhu a gaban abokan cinikinsa. Ya jawo ni gefe. Mun fi awa ɗaya. Ya rage miliyan ɗaya da rabi, ya ce ko kwabo ba zai ƙara ba, kuma in manta da la'ada. Na ce na riga na manta.

Amma Yaya, ki yi tunani a kan Okwudili. Gaskiya ya faɗa, na yarda. To wanda ya rufe jabun waya a bango sau ɗaya, me zai hana shi na biyu?

Ki yafe min.

Jamilu

*

Yola, 17 ga Maris

Jamilu da Okwudili,

Ina gaishe ku. Takarda ɗaya na rubuta don kada wani ya ce ba haka aka gaya masa ba.

Zan saya a kan sha huɗu da rabi. Okwudili zai yi aikin. Tare za ku je Jos, kowane naɗi a yanka bakinsa a gaban Jamilu kafin a biya. Ba za a rufe bango ko silin ba sai na ga hoto.

Okwudili, zuwa Fadan Kagoma ba ya cikin ƙiyasi, amma ina so ka je kafin ka fara. Ka gaya wa Miriyam ba gugarta ba ce.

Idan aiki ya ƙare, ku kunna firji da fanka da dutsen guga, ku shimfiɗa katifa biyu a ɗakin da ke jikin kicin. Kwana bakwai za ku yi a ciki, ku biyu. A rana ta takwas Jamilu ya ɗauko Inna.

Ku huta lafiya.

Amatullahi