Kafaɗun Roba

Amurka, Janairu 1994

Yaya Kalilu,

Gaisuwa mai yawa. Ya Inna da su Laure? Ya aikin rani? Ni lafiya lau nake, in ban da allon kafaɗa da ya ɗan tsage, shi ma yana haɗewa. Kada Inna ta ji.

Maƙwabcinmu Hodi ya rubuto mini cewa kana yawo da hotona har kasuwar Argungu, kana nuna wa mutane kafaɗuna, wai na ƙoshi, mi zan yi da fadamar Zauro da Baba ya bar mini. Har ka dasa albasarka a ciki.

Kafaɗun nan na roba ne, Yaya, sulken wasan ƙwallon Amurkawa ne. In na tuɓe, sai ka ƙirga haƙarƙarina. Ba don ƙiba jami'ar ga take karantar da ni kyauta ba. Aikina in ruga, a jeho ƙwallo, in cafe, ƙarti su danne ni suna neman ƙwacewa. Tun da na fara, abin da ya shiga hannuna bai taɓa fita ba.

Allah ya yi wa albasarka albarka. Ka cire ta kafin ruwa ya sauka, ina nan tafe da irin shinkafata.

Ƙanenka,
Ikrima