Sistar da Celina Take Nufi

Unguwar Boro,
Kaduna ta Kudu.
19 ga Agusta, 1984.

Zuwa ga Yayana Istifanus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Mama Deborah da yara. Yaya aikin reluwe, yaya kuma ruwan Fatakwal da ake cewa ba ya ɗaukewa? Allah ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan, ya ƙara maka ƙarfi cikin hidimar ekklesiya. Mu nan lafiya lau. Na je Kwoi watan jiya, na tarar da Inna da ƙarfinta, cittarta ta yi kyau a gona, faɗanta kuma bai ragu ko kaɗan ba. Ɗinki yana tafiya, sai dai yadi ya yi wuya a kasuwa.

Benson direba ya iso ranar Talata da saƙonka, bai rage ko kalma ɗaya ba. Wai muddin kana numfashi 'yar gidanmu ba za ta zama Sista ba, mu ba 'yan Roman Katolika ba ne, kuma ba ka riƙi Celina tun rasuwar ubanta don ta je ta kulle kanta ba aure ba haihuwa ba. Yaya, na yi dariya har keken ɗinki ya kusa ɗinke mini yatsa, amma da na juya na ga fuskar Celina, sai dariyar ta koma ciki. Laifin Benson ne da ya kai maka labarin tun farko, bakin nan nasa ya fi motarsa gudu. Sistar da Celina take nufi ta asibiti ce, haka ake kiran babbar nas in ta yi karatu ta kuma daɗe a aiki. Makarantar nas ta gwamnati ce ta ɗauke ta a Zariya, za su shiga farkon Oktoba. Sistoci uku nake ɗinka wa yunifom a shagon nan, kowacce da mijinta, ɗaya ma 'ya'yanta biyar, ka ga ai ba a zauna banza ba.

Na san ko an warware wannan da sauran rina a kaba, don na sha jin ka kana cewa aikin nas kwasar fo ne, na waɗanda suka faɗi jarrabawa, kai malamar makaranta kake so ta zama. Ni ma da haka na ɗauka. Bari in gaya maka abin da idona ya gani, don gani ya kori ji.

Wata Asabar a watan Yuli, da la'asar, sistocin nan uku suka haɗu a shagona wajen karɓar ɗinki. Akwai Sista Rebecca, mutuniyar Filato, wadda ta yi karatunta a Ingila. Akwai Sista Mariyamma, Ba'indiya, mijinta yana koyar da lissafi a wata sakandare. Sai Sista Luz daga ƙasar Filifin, wadda take aiki a asibitin wani kamfani can wajen matatar mai ta Rido. Da suka ji Celina ta sami makaranta, sai gardama ta tashi a kan wace ƙasa ce ta fi iya koyar da nas. Da Turanci suke yi, Rebecca tana juya mini abin da ya wuce ni. Yaya, na saki baki har garwashin dutsen guga ya mutu ban sani ba.

Luz ta ce a ƙasarsu jami'a ake shiga, shekara huɗu, a fito da digiri kamar lauya. Kafin yarinya ta taɓa majiyyaci sai ta san sunan kowane ƙashi da kowace jijiya a jikin mutum, har da ilimin halin ɗan Adam, don wai ciwo ba a fata kaɗai yake tsayawa ba. Ranar da za a sa musu hula kuwa biki ake yi, iyaye su cika majami'a, kowace yarinya ta riƙe fitila tana ci, ta yi alkawari gaban jama'a. Ta ce uwarta ta yi kuka ranar fiye da ranar aurenta. Ni da nake yanka hulunan nan in sa musu sitaci kullum, ban taɓa sanin da rantsuwa ake sa su a ka ba. Ta ce ƙawayenta da suka wuce Amurka sun tarar can hanya uku ce, wasu shekara biyu, wasu uku, wasu huɗu, amma jarrabawa ɗaya ce take tace su duka.

Rebecca ta bar ta ta gama, sannan ta ce su a Ingila ba wanda ya ba su digiri, makonni kaɗan suka yi a aji aka tura su ɗakin marasa lafiya, can suka yi shekara uku ƙarƙashin wata matiron, wato shugabar nas-nas, da take auna kusurwar zanin gado da ido, in ta karkace a sake. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne da ta ce an koya musu yi wa gawa magana. In mutum ya cika suna masa wanka, sai nas ta kira sunansa, ta ce masa yanzu za ta juya shi, yanzu za ta goge masa fuska, kamar yana ji. Jikina ya yi sanyi, Yaya. Na tuna uban Celina, na yi ta roƙon Allah ya sa wadda ta wanke shi ta kira shi da sunansa.

Mariyamma ba ta da hayaniya. Ta ce su shekara uku da rabi ne, da karɓar haihuwa a ciki, kuma sai an kai ɗalibai ƙauyen da ba likita su bi gida-gida, su duba rijiya, su auna jarirai. Ta ce namu na nan tsarin Ingila ya bi, shekara uku, a ƙara ɗaya don ungozoma, mai so kuma daga baya ta je jami'ar Ibadan ta yi digiri. Sai Luz ta yarda cewa da duk digirinta, ba ta taɓa ganin nas ɗaya ta riƙe ɗaki mai gado arba'in ba wuta ba sai da ta zo Najeriya, kuma har yau abin yana ba ta mamaki.

Suna cikin wannan sai ihu ya tashi a gidan maƙwabciyata, Maman Albert. Zazzaɓi ya hau wa ɗanta mai shekara biyu har ya shiga jijjiga, idanu sun juye. Kafin mu isa mata sun taru, wannan tana cusa masa cokali a baki, waccan tana matsa masa albasa a ido, wata tsohuwa har ta hura wuta za ta gasa masa ƙafa. Yaya, a nan na ga ikon Allah. Matan nan uku da suka shafe awa guda suna gardama, ko kallon juna ba su yi ba. Rebecca ta zare cokalin ta kwantar da yaron a gefensa, Mariyamma ta tuɓe shi ta ce a kawo ruwa mai ɗumi-ɗumi, Luz ta riƙe hannunsa tana duban agogo. Hannu shida, ka ce na mutum ɗaya ne. Ƙasa uku, teku a tsakaninsu, malamansu ba su taɓa haɗuwa ba, amma abu ɗaya aka zuba musu a hannu. Celina ce ta jiƙa tsumma tana goga masa, ni kuwa ina gefe ina kallo. Da yaron ya buɗe baki ya tsala kuka, Rebecca ta sa shi a motarta sai asibiti. Jiya ma na gan shi yana bin kajina da sanda.

Na san abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma ban manta da ɗawainiyarka a kan yarinyar nan ba. Shi ya sa nake kawo maka maganar yadda take, ka auna da kanka. In Mama Deborah tana da wata nas a zumuntar mata, a kira ta ka tambaye ta.

Ka gaishe mini da Mama Deborah da kyau, ka ce ina nan da atamfarta ban manta ba. A gaida Wilson da Esther, da auta Monday, da Baba Ishaya maƙwabcinku. Inna ta ce in ka zo Kirsimeti kada ka zo hannu rabbana. Celina tana gaishe ka tana durƙuso.

Abu ɗaya ya rage. Tun ranar Talata Celina ta fitar da kayan da ta fara shiryawa daga akwati, ta mayar da su ma'ajiyarsu, ba ta yi kuka ba, ba ta yi musu ba. Ta ce kai ne ubanta, in ba ka sa albarka ba ƙafarta ba za ta taka Zariya ba, kuma ka san ta, in ta faɗa ta gama. Ka ba Benson amsa kafin ƙarshen Satumba, amma a rubuce, kada ka sake ba shi da baki. Ni ba tsoron ta ƙi jin maganarka nake yi ba, Yaya. Tsorona ta ji.

Ni ce ƙanwarka,
Saratu.