Kwano Ɗaya da Azara

Yaya Fuseini,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Anti Memuna da yara. Ya aiki a Takoradi? Ya ƙafar taka, ta yi sauƙi? Mu nan Nyohini sai godiya.

Na ji Kawu ya kira ka ya kai ƙarata, wai na zubar da mutuncin gida a wurin suna a Gbalahi. Gaskiya ne. Na ci tuwo kwano ɗaya da Azara mai farfaɗiya a gaban kowa, har na sha ragowar ruwanta. Kawu ya ce, "Karatun ƙwaƙwalwar ne ya taɓa miki taki?" Na ce, "Kawu, ciwon nan a ƙwaƙwalwa yake, ba a miyau ba."

Shekara da shekaru ina binciken farfaɗiya tare da abokan aikina na Accra da na Turai. Su murna suke ana ambaton rubutunmu a jami'o'i. Ni wannan bai ishe ni ba, tunda har yau ana ware wa mutanenmu masu farfaɗiya kwano. Limamin Gbalahi ma ya shigo cikinmu, shi ke turo min masu ciwon zuwa asibiti.

Ba wanda zan ba haƙuri, Yaya. Da ni da kai muna kallo Innarmu ta ƙare rayuwarta tana cin abinci ita kaɗai a bayan ɗaki saboda wannan ciwon.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida kowa. Juma'a zan koma Gbalahi, kuma Azara ce za ta tuƙa tuwon.

Ƙanwarka,
Rahinatu