Ni na kai jikana wurin wanzami, wata take ɗauke da laifin

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu, ina gaishe ku. Ni tsohuwa ce a cikin garin Daura. Ban yi makaranta ba, da murya na turo maganar nan, na roƙi a rubuta ta yadda na faɗa, a ɓoye sunana. Don Allah kada ku zage ni, zagin da nake yi wa kaina ya ishe ni.

Gidanmu babban gida ne a wajen Kusugu, sassa biyar, ƙofa ɗaya, kuma tun rasuwar maigidana babu abin da ke shiga ko fita ban gani ba. Ɗana na fari ya auri 'yar unguwarmu, lungu ɗaya ne tsakaninmu da gidan iyayenta, in ana daka a can muna jin turmi. Malama muke ce mata, da tsokana aka fara har ya bi ta, don yarinya ce mai addini, kullum da la'asar tana Islamiyyar matan aure. Ni mai faɗa ce, na sani, amma shekara uku na zuba mata ido ban kama ta da komai ba. Ita ce ma ta gyara mini tahiya, a ɓoye cikin ɗakina don kada matan gida su yi mini dariya.

Da ta haihu aka sa wa yaron sunan marigayi, shi ya sa nake ce masa Maigida. Ranar suna wanzami ya gama aski, ya ciro ƙarfen cire beli, sai Malama ta aiko daga ɗaki cewa aski kawai, ban da beli, asibiti sun hana, addini kuma bai ce a yi ba. Mahaifiyarta, Hajiya, ta tashi a gaban mata ta ce, "Ke da aka cire miki, mutuwa kika yi?" Kowa ya ji. Ni ban ce uffan ba, ɗan ɗan fari ne, akwai kunya. Amma na riƙe abin a raina. 'Ya'ya takwas na haifa, duk an cire musu, yau yarinyar da aka haifa a gabana za ta nuna mini raino?

Yana da wata huɗu ya kama tari da tumbuɗi. Ni na tabbata beli ne. Wata ranar kasuwa ya yini a gidan Hajiya tun safe, da azahar aka dawo da shi, da la'asar Malama ta miƙo mini shi ta ce, "Inna, ga mijinki nan, yau ba zan fita da shi ba saboda tarin." Tana fita na goya shi, na bi ta baya zuwa gidan ƙanwata, inda na riga na sa tsohon wanzaminmu, mutumin garin Babban Mutum, ya jira ni. Ni na riƙe kan yaron da hannuna. Kafin a tashi daga Islamiyya na dawo, na goge masa baki, na wanke zanen goyon.

Ya ƙi kama nono. Washegari jikinsa ya yi zafi, yawunsa da jini-jini. Kwana shida suka yi a asibiti, har jini aka ƙara masa. Likita ya duba maƙogwaro ya ce an yanke masa beli, wurin ya rure, wa ya yi? Ɗana ya dawo gida idonsa jajur, ya tsaya a tsakar gida yana tambayar kowa, ni kaɗai ce bai tambaya ba, don ina zai iya? Sai na ji bakina ya ce, "To, ai ranar a gidansu ya yini." Abin da na faɗa ke nan. Ban yi ƙarya ba, ko? Haka nake gaya wa kaina. Amma na san inda na jefa maganar, na san kowa zai tuna ranar suna.

Allah ya tashi kafaɗun yaron, alhamdulillahi. Amma ɗana ya yi rantsuwa ɗansa ba zai ƙara taka gidan Hajiya ba, ya hana Malama zuwa. Hajiya ta zo har zaure tana kuka tana cewa, "Wallahi na faɗa da baki, amma ban aikata ba!" Babu wanda ya yarda. Ina daga ɗaki ina jin ta, ina jan carbi. Carbin me?

Wata uku ke nan. Malama ba ta saɓa wa mijinta ba, ba ta taka gidansu ba, amma ta rame, in an fara daka a can sai ta shige ɗaki. Kuma har yau ni kaɗai take bar wa yaron. Ta ce, "Inna, hankalina ba ya kwanciya sai yana hannunki." Shekaranjiya ta kawo mini ruwan alwala, ta tsuguna ta ce, "Inna, ki sa ni a addu'a. Na san haƙƙin uwa, na karanta, har koya wa wasu nake yi, amma in na tuna jinin nan sai in ji zuciyata ta ƙi yafe mata. Ina tsoron Allah ya kama ni." Na ce mata, "Ki yi haƙuri, kowa yana kuskure." Ni ce fa na faɗi haka, da wannan bakin. Da na kabbarta salla, na zo tahiyar da ta koya mini, sai harshena ya sarƙe.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da shiru shi ne, manya sun shiga maganar, an sa Juma'a mai zuwa za a yi sulhu a sashena. Hajiya ta aiko cewa ta gaji, za ta amsa laifin, ta ba da haƙuri, in dai za a bar ta ta ga 'yarta da jikanta. Ni aka ce in zauna a tsakiya, in roƙi ɗana ya yafe mata, tunda maganata yake ji.

In na faɗi gaskiya, da wane ido ɗana zai dube ni? Gidan da ko tari na yi ake nutsuwa? Malama ba za ta zage ni ba, na san halinta, gaishe ni za ta ci gaba da yi, amma ba za ta ƙara miƙo mini Maigida ba. In kuma na yi shiru, mace sa'ata za ta durƙusa a kan tabarmata ta nemi gafarar abin da hannuna ya yi, ni kuma in ce mata Allah ya yafe mana. Shekaruna sun ja, ban san ranar da za a kira ni ba.

Saura kwana uku Juma'a. Jama'a, me zan yi?