Zannuwanki Ba Su Hau Jirgi Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Mma Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwarsa, ina fata ƙasar New Jersey da muka sa ki a cikinta ta yi miki sauƙi, tunda ba ke kika zaɓe ta ba. Sati uku ke nan da dawowata daga Accra. Da gangan nake rubuta wannan a inda mutanen unguwarmu ta Tremont za su karanta, don wasunsu suna cikin maganar.

Kin bar yayarki Mma Azumi ba ta gani, suga ya cinye idon. Bayan sadakar arba'in ɗinki ta aiko mini da saƙon murya daga unguwar Nima, can Accra: "Ranar da za ka zo, ka kawo mini zannuwan Rabi. Kar ka wanke su. Kuma kar ka sa su a kwali kamar gwanjo, a hannu ake kawo kayan mamaci." Na ɗaure su ƙunshi ɗaya, na sa a leda, na kwantar a ƙasan akwati tun kafin in sayi tikiti.

Kuskurena, na faɗa wa mutum ɗaya a masallaci ranar tafiyata. Mutum ɗaya, Mma. Kafin sati ya zagayo ɗakinmu ya koma ofishin gidan waya. Alhaji Tanko mai shago ya kawo injin markaɗe na 'yarsa. Anti Memuna ta zo da takalma ƙafa shida. Wani da ban ma san sunansa ba ya dire kwalaben magani ya tafi. Kowa da waƙarsa ɗaya: "Ɗan abu ne, ba nauyi." Kin san bakina, a garejin da nake aiki har manaja yana kauce mini. Amma duk wanda ya shigo da "Allah ya jiƙan Mma Rabi, ita ba ta taɓa mayar da saƙo ba" yake farawa. To, in ce me?

Bashiru abokina, mai tasi a unguwar Jamaica ta nan New York, shi ya kai ni filin jirgin JFK. Sikeli bai san Alhaji Tanko ba. Akwati biyu duk sun wuce kima, matar da ke auna kaya kuma ta ce Disamba ce, jirgi ya cika, ko da kuɗinka ba akwati na uku. Na durƙusa a ƙasa na buɗe su a gaban jama'a. Bayana layi ne na baƙaƙen Amurka masu zuwa hutu da Turawa masu aiki a Accra, kowa da 'yar jakar goyonsa, suna duba agogo suna duba ni.

Kowane saƙo da suna da lambar waya an rubuta da baƙin alƙalami. Naki ne kawai ba rubutu. Na zaro shi na miƙa wa Bashiru na ce ya ajiye mini. Zan faɗa miki dalilin yadda yake, ba kwaskwarima: duk masu kayan nan za su kira ni su yi mini tijara. Ke kaɗai ce ba za ki kira ba.

Sai da jirgi ya ɗaga na tuna zane ɗaya ba ya kai rabin kilo, zai shiga jakar hannuna har da sauran wuri. Awa goma ina zagin kaina ta uwa ta uba, ki yi haƙuri da rabonki a ciki.

Nima tana nan yadda kike ba ni labari, zafi kamar an kifa wa mutum tukunya, ƙamshin koko da ƙosai, babura ta ko'ina. Mma Azumi tana zaune bakin ƙofa a kan kujerar roba. Ta shafa fuskata, ta shafa kafaɗata, sannan hannunta ya sauka yana laluben gefena. Ban yi mata ƙarya ba, na ce na baro su. Ta ce, "Sau uku uwarka tana zuwa daga Amurka, ko ɗankwali ba ta taɓa kawo mini ba. Kullum kayan mutane. Ashe gado ne." Ta jawo rigata ta shinshina. "Kai warin jirgi kake yi." Aka yi dariya a tsakar gida. Ni ban yi ba.

Kwana goma na yi, shida a cikin trotro, motocin hayarsu, ina rabon saƙo. Madinar Accra, Ashaiman, Kasoa. Ba a dire saƙo a bakin ƙofa, sai ka zauna, ka sha ruwa, ka ci shinkafa da wake, ka ba da labarin sanyin New York tun daga farko. 'Yar Alhaji Tanko ta jona injin nan a gabana, ya yi ƙara ɗaya ya fitar da hayaƙi, wutar Ghana ta fi ƙarfinsa. Wannan gawar na ɗauko na bar ki.

Kwalaben maganin East Legon na kai su, unguwar da baƙi suka cika. Maƙwabciyar gidan wata dattijuwa ce daga Brooklyn da ta yi ritaya ta tare a can, tana zaune a baranda da kwakwa a hannu. Ta yi mini maraba da zuwa gida, ta tambaye ni ko na ji irin natsuwar da ake ji. Na ce mata ciwon baya nake ji. Ba laifinta, mutuniyar kirki ce. Na karanta littattafai da dama a laburaren unguwarmu kan masu komawa Afirka neman asali. Ba wanda ya rubuta babin akwati.

Sauran kwana huɗun na Mma Azumi ne. Ta sa na ba ta labarin ranarki ta ƙarshe sau biyu, tana tsayar da ni tana tambaya: wa ya yi miki wanka, an samu mata nawa, kin kira sunanta? Na ce kin kira. Kin kira ɗin, Mma, ina wurin. Ƙafafunta sun kumbura, abinci cokali biyu take ci. Da zan tafi ta ce, "Kar ka daɗe da aikowa, ni ma akwatina a ɗaure yake."

Tun da na dawo, Juma'a uku ina tsayawa bakin masallaci ina tambayar mai tafiya. Ku da kuke karantawa, kun san kanku. Wanda ya ce mini "ɗan abu ne" yanzu shi ke lissafa mini kilo. Wani ya ce matarsa ta cika akwati. Wani ya ce kayan mamaci yana da nauyin da ba na sikeli ba. Ban zagi kowa ba, ki rubuta mini wannan a cikin ladana.

Hajiya Zainabu, 'yar Nijar ɗin nan mai sayar da turare da huluna a bakin titi, wadda kike saya wa shayi in sanyi ya yi tsanani, ita ta kira ni da kanta. Ta Accra za ta bi ranar Alhamis. Ta ce ƙunshin duka ba zai shiga ba, amma zane biyu za ta riƙe a cinyarta har Nima. Jiya na karɓo ledar wurin Bashiru na kwance. Ban ɗauki leshin biki ba. Na ɗauki shuɗin nan da ya koɗe, wanda kike girki da shi, da mai ganye-ganye da kike sallar asuba. Daddawa da man zafi suna nan a jiki. Na rufe da sauri na ninka leda biyu, kar in shaƙe wa Mma Azumi rabonta.

Ki yafe mini, Mma. Allah ya haskaka kabarinki, ya yalwata shi, ya sa kin huta da ɗaukar kayan mutane. Allah ya kai Hajiya Zainabu lafiya. Yayarki kuma, ya Allah, ka ara mata numfashi zuwa Juma'a.

Ɗanki mai kunnen ƙashi,
Awudu
Tremont, Bronx