Shatin Haƙori a Sulen Azurfa

Lahadi, 5 ga Maris

Idan har akwai ranar da abin ya soma, to ranar Kirsimeti ce, wadda a cocinmu ake yi bakwai ga Janairu, a ɗakin girkin Mama a Cacak. Shi ne Kirsimetin Rastko na farko a gidanmu bayan aurenmu. Mu uku muka riƙe gurasar, muka juya ta, muka ɓalla, sai sulen azurfar da ake gasawa a cikinta ya fito a rabonsa. Har tafi na yi. A littattafan da nake karantawa, irin wannan alama ce.

Yadda muke yi tun kakan Baba, wanda ya samu sai ya sumbace shi, ya riƙe shekara guda, ya dawo da shi a sake tusa shi a ƙullu. Rastko bai sumbata ba. Ya kama shi ta gefe da yatsu biyu, ya tashi ya nufi taga.

"Wa ke wanke wannan?"

Mama ta ce, "Ni. Da ruwan ɗumi. Ko dauɗar kakanni kake so ka ci?"

"Ba a taɓa goge shi da toka ba?"

"Kai surukina, zauna ka ci sarma, naɗin kabejin nan, kafin ta huce."

Na san yana tara tsoffin sulalla tun kafin mu yi aure. Har burge ni abin yake yi, ina cewa namijin da ke lallaɓa tsohon abu zai iya lallaɓa mace. Amma irin kallon da ya yi wa dinar ɗin nan na 1875 a bakin taga, ni dai ban tuna ya yi mini ba.

Yau ya ce zai ba Kawu Miladin, dattijon da ke da shagon sulalla, ya aika da shi wani kamfani a ƙasar waje a tantance. Na ce ai ba namu ba ne. Ya ce, "Dubawa kawai za a yi, Gimbiya. Ba cinye shi za su yi ba."

Talata, 14 ga Maris

An aika. Ban gaya wa Mama ba.

Asabar, 1 ga Afrilu

Na ƙudurta zan koyi abin nan. Idan can hankalin mijina yake, can zan je in same shi. Na ɗauki littafinsa na tantancewa na tafi da shi shago, na sa a ƙarƙashin kanta inda nake ɓoye na soyayya. Tsakanin mai sayen maɓalli da mai sayen zare nake karantawa.

Maki daga ɗaya ne zuwa saba'in. Ɗaya shi ne wanda ya sulɓe har ba a gane fuskar da ke jiki. Daga sittin zuwa sama, wanda bai taɓa yawo a hannun mutane ba. Wurin da ake fara dubawa shi ne inda ya fi tudu, a namu gashin yariman da ke jiki, a saman kunne, da kumatu, don nan ne hannu ke fara ci. Wanda aka goge ko aka ji wa rauni kuwa ba a ba shi maki sam, sai a rubuta laifinsa. Daga nan su rufe shi a ɗan akwatin roba mai garai-garai, su liƙe, ba mai sake taɓa shi.

Wannan na ƙarshen Rastko bai faɗa mini ba.

Alhamis, 25 ga Mayu

Ya dawo a akwatin roba. Babu maki. An rubuta cewa na gaske ne, amma yana da rauni a gefe.

Raunin ai na san shi. Haƙorin Baba ne. Shekarar da ya auri Mama ya gatsa rabonsa da zumuɗi, sule ya lotsa, haƙori ya ɓare. Har ya rasu da gefe ɗaya yake tauna, kuma duk Kirsimeti sai ya ba da labarin kamar ba mu taɓa ji ba.

Na ce wa Rastko ai gaskiya suka faɗa. Bai ci abincin dare ba.

Lahadi, 4 ga Yuni

Na bi shi taron masu tara sulalla, a bayan wani gidan shan kofi kusa da kasuwar kifi. Maza zalla, hayaƙin taba kamar gobara. Akwatin ya zaga hannu hannu.

Kawu Miladin ya ce, "An sa yarima a makara, kuma ba a yi masa addu'a ba."

Wani mai ƙaton ciki ya ce shi fa ba ya sayen komai sai da akwati, don sau biyu ana dafa shi da jabu kafin kamfanonin nan su zo. Kawu ya ce wannan kam gaskiya ne, wajen gane jabu ba su cika kuskure ba. "Amma maki? 'Yar nan, mutane ne kamar ni da ke. Sule ɗari nawa ke wucewa ta gabansu a yini. Wanda aka duba kafin abincin rana daban, wanda aka duba bayan an ƙoshi daban. Ina da wani da na aika sau uku, ya dawo da maki uku."

Na ce to wanne ne gaskiya a ciki?

"Wanda ya fi yawa mana!" Suka fashe da dariya. Mai cikin ya ce wa Rastko, "Likitan haƙori, matarka za ta kore mu daga sana'a."

Ba likita ba ne, haƙoran roba yake ƙerawa, amma haka suke kiransa.

A hanya ya riƙe hannuna. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Litinin, 5 ga Yuni

Rastko ya fasa akwatin. Zai aika wa kamfani na biyu. Sau ɗaya na taɓa sulen kafin ya ce in cire yatsana daga fuskarsa.

Laraba, 13 ga Satumba

Hamsin da biyar.

Ya shigo yana ihu tun daga matattakala, ya ɗaga ni sama ya juya ni har kaina ya bugi fitila. Ya buɗe kwalbar barasar rakiya da muka ajiye tun biki. Ba su ambaci rauni ba ko da kalma ɗaya. Ya ce baƙin da zafin obin ya sa wa azurfar ne ya tafi da su, wai launi ne mai kyau. A jerin da masu tarawa ke gasa a intanet ya tashi daga na tara zuwa na uku.

Na sa madubin dubawa a kan robar. Shatin haƙorin na nan inda yake, ƙarƙashin wuyan yarima. Sule ɗaya, a Mayu mai rauni, a Satumba lafiyayye.

Duk da haka na sha, na yi rawa. An daɗe ba a ɗaga ni sama ba.

Asabar, 7 ga Oktoba

Na tambaye shi yaushe za a buɗe akwatin. Ya ce da sauran lokaci.

Lahadi, 19 ga Nuwamba

Mama ta bugo waya. Idonta ya ƙara lalacewa, ta ce yanzu da hannu take gane gishiri da sukari. Tana ta lissafin kabejin da za ta jiƙa.

"Ki ce wa surukina shekararsa ta kusa cika. Sa'ar ta ishe shi haka, kar ya cinye ta shi kaɗai."

Na ce to.

"Yana dai kula da shi?"

Na ce sosai ma, Mama. Wannan kam ba ƙarya na yi ba.

Talata, 5 ga Disamba

Mun yi magana, in dai za a kira wannan magana. Ya ce in aka fasa akwatin makin ya tafi, kuma ba lallai a sake samunsa ba har abada, tunda na farko ma sun ƙi. Ya ce a ajiye akwatin a teburi kusa da gurasa, kowa ya gani. Na ce ba don gani ake sa shi ba.

"Senka, shekara ɗari da wani abu ana gasa shi kamar dankali. Ni ne na farko da ya san darajarsa."

"Aro aka ba ka."

"Ai ceto shi nake yi!"

Na shiga ɗaki na ɗauki littafi. Jarumin ciki ya sayar da jirgin ruwansa saboda yarinyar. Na karanta shafin sau biyu, ina kasa kunne ko zan ji takunsa ya biyo ni. Talabijin ya kunna.

Na ce a raina zai sauko da kansa. Wata rana zan dawo daga shago in tarar ya fasa, ya ɗora mini sulen a kan matashin kai. Har abin da zan ce masa na shirya.

Alhamis, 21 ga Disamba

Na dawo na tarar da sule a kan matashin kai.

Tsirara, ba roba. Na ɗauka, na shafa gefensa da babban yatsa, ga lotsawar nan daidai wurinta. Sai hawaye. Na zauna a bakin gado ina jin muryar Baba yana cewa, "Wallahi sai da na ga taurari." Na fi minti nawa a haka, ban sani ba.

Rastko na tsaye a bakin ƙofa yana murmushi. Na tashi zan rungume shi, sai ya fito da hannunsa daga baya. Akwatin ne, a liƙe, da hamsin da biyar ɗinsa.

"Kin gani? Ke ma ba ki gane ba."

Wani dinar ne na shekarar, ya saya a wurin Kawu. Ya tafi da shi wurin aiki, ya ƙera haƙorin ƙarfe, fiƙa ta sama ta dama, ya auna zurfin daga hoto, ya matse a matsi. Ya lalata biyu kafin na ukun ya yi. Har obin ya sa shi don ya yi baƙi. Yana ba ni labari fuskarsa na haske kamar yaron da ya ci jarrabawa.

"Mama ba ta gani sosai. Za ta shafa, ta ji, ta yi murna. Wa aka cuta?"

 

Juma'a, 22 ga Disamba

Na yi kuka a kan shatin da matsin ɗakin ƙera haƙori ya yi. Wannan ne ke ta dawo mini.

Laraba, 27 ga Disamba

Na biya ta shagon Kawu Miladin da jabun a aljihu. Ban ce masa komai ba, na miƙa. Ya duba, ya juya, ya sake dubawa.

"Yaron nan ya fasa? To, ashe yana da hankali."

Na gaya masa gaskiya. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

"Da hannun nan ya kamata a ce an ɗaure shi ko an ba shi lambar yabo." Can ya ce, "Na gaskiyar, a sana'a, asara ce a mayar da shi wuta. Ba zan yi miki ƙarya ba, 'yar nan. Duk gashi ɗaya yana rage masa wani abu."

Na ce na sani, na karanta.

"To me kika zo tambaya?"

Babu, ashe.

Talata, 2 ga Janairu

Na gwada a zuciyata. Mama a bakin famfo tana wanke shi da ruwan ɗumi, yatsanta ya sami wurin, ta yi 'yar dariyar nan tata. Ni kuma ina tsaye a bayanta na san abin da na sani. Baɗi ma haka. Wata shekarar in ba wa ɗana labarin haƙorin kakansa ina nuna masa aikin ubansa.

Rastko ba mugu ba ne. Yana kawo mini kofi har gado ranar Lahadi. Da gaske yake ganin ya samo hanyar da kowa zai ji daɗi, kuma ya sha wahala a kai. Shi ya sa abin ya fi ciwo.

Juma'a, 5 ga Janairu

Da safe, yana shafa man shanu a burodi, na ajiye masa jabun nasa kusa da faranti. Na ce na Baba zan tafi da shi.

Ya ce, "Gimbiya, wannan ba littafi ba ne."

Na ce na sani.

Ya ce zai sauka daga jerin, kowa a taron zai ji. Ya ce shekara biyar kawai, ko uku, a bar shi a akwati. Muryarsa har rawa take. Da can da na ga haka sai in narke. Yau ina kallonsa ina jiran narkewar, ba ta zo ba. Ban san me wannan ke nufi ba, kuma ba yau zan zauna tunaninsa ba. Wataƙila gajiya ce.

Bai ce ɗauki ba, bai ce bari ba. Ya sa kwat ya fita aiki. Na buɗe durowar da kaina.

Tikiti ɗaya na saya a motar safe. Ban ce kar ya zo ba, ya san hanyar Cacak, kuma za a ajiye masa kujera in ya zo. Akwatin na cikin jakata. Gobe a teburin Mama zan fasa shi, in gaya mata duk inda sulen ya je, sannan jibi ya shiga ƙullu.