Koren Fenti a Bakin Gangare

Zuwa ga Uwata,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki, da fatan aikin asibiti bai fi ƙarfinki ba. Ki gaishe mini da amaryata, ki ce mata idan ba ta daina tsotsar yatsa ba na fasa auren. Mu nan sai godiya.

Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba kya bari mutum ya kai aya. Ki yi haƙuri da manyan baƙaƙen nan, da rula nake bin layi.

Damina ta ɗauke, kin kuwa san aikin da ke jirana. Ruwa ya wanke alamomin hanyoyin keke, dole in sake binsu da fenti dutse bayan dutse, kamar yadda nake yi shekara goma sha tara, tun da kwamitin kasuwa ya ɗora mini aikin. Kore na hanyar lalama ne, wadda ta fita ta bayan rumfar masu tukwane, ta ratsa gonaki, ta sauka kwari a hankali har gada. Ja kuwa na gangaren nan ne da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta bi shi, wanda ke faɗawa mashigin aminina Mai Fito. Baƙi masu yawon buɗe ido su karɓi hayar keke a shagona, in ce musu mai ƙarfin zuciya da birki ya bi ja, mai son komawa gida da haƙoransa ya bi kore.

Maganar ido da kika dame ni da ita kuwa, bari in gaya miki gaskiya, ke kaɗai. Ba gajiya ba ce kamar yadda na ce. Gefe-gefe ya rufe, tsakiyar kuma kamar ana ƙona ɗanyar ciyawa a gabana. Ja da kore duk sun koma mini baƙi-baƙi. Amma kada hankalinki ya tashi, hanyar tana ƙafata. Na san feda nawa ce daga kasuwa zuwa mararrabar da hanyoyin biyu suka rabu, na san inda tsakuwa ke canza murya a ƙarƙashin taya. Gwangwanin ja a hannun keke na hagu nake rataye shi, kore a dama, tun ranar da na fara aikin.

Kada kowa ya ji wannan. Ranar da Ciyaman na kwamiti ya ji, ranar zai karɓe buroshi. Ni kuwa tun rasuwar mahaifiyarki, hanyoyin nan ne kaɗai ke tashe ni da safe. Asibitinku zan zo, amma sai baƙi sun ragu.

Jiya ma wata tunkiya ta shige mini a bakin kasuwa, na faɗi, gwangwanaye suka gangara. Wata mai tukwane ta tsince su ta rataya mini, tana yi mini tsiya wai in sayi jaki in huta. Gwiwa ce kawai ta ƙuje. Na ƙarasa duwatsu ukun da suka rage a mararraba, aiki ya kammala.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Sarkin Feda

*

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa, ina fata ku duka kuna lafiya. Ni jiki lafiya, sauran sai a hankali.

Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan wasiƙata, wata malamar makaranta ta zo da mijinta. Ta ce shekara ashirin rabonta da hawa keke. Na sauke mata sirdi, na ɗaure mata birki, na ce ta bi kore idonta a rufe ma babu abin da zai same ta. Har dariya ta yi, ta ce to ta ba ni amana.

Ta bi kore, Uwata. Koren ya kai ta gangare. A kwana ta biyu keken ya ƙwace, ta faɗa kan duwatsu. Mai Fito ne ya hau ya ɗauko ta a bayansa. Ƙugu ya karye, an ce har da ƙashin baya.

Da aka je aka duba, kore ne a bakin gangare, ja a hanyar gonaki. Ina jin haka na koma shago na ce wa tela maƙwabcina ya miƙo mini gwangwanin kore, sai ya ciro shi daga hagu. Mai tukwane ta rataya su yadda hannunta ya kama, ina za ta san dokata? Ni kuwa tambaya ɗaya ta isa ta raba ni da wannan masifa, in ce wanne ne ja. Kunyar a gane ba na gani ta hana ni.

Abin bai tsaya nan ba. Kin san bakin Mai Fito, kullum yana ƙorafi a kasuwa cewa kowa kore yake bi ya haye ta gada, shi an bar shi da kwale-kwale yana gadin ruwa. Wasa yake yi, kowa ya sani. Amma yanzu wasan ya zama shaida. Kwamiti ya ce shi ya juya alamomin don ya jawo baƙi mashiginsa. Suka kira ni, Ciyaman ya tambaye ni ko daidai na shafa. Na ce shekara goma sha tara ban taɓa kuskure ba. Mai Fito yana zaune a benci ɗaya da ni, ina jin numfashinsa. Ya gyara zama kawai.

Sun sa wa kwale-kwalensa sarƙa da kwaɗo. Matarsa ta daina shiga kasuwa saboda nuni da baki. Mutumin da ya tona kabarin mahaifiyarki da hannunsa ke nan.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Duk wanda ya tsaya a ƙofar shago sai in ji kamar ya zo tona ni. Kullum da safe nakan ce yau zan je in faɗa, in kai har ƙofar ofishin kwamiti, sai in wuce kamar faci zan saya. Ban san haka nake ba. Na ɗauka ni mutumin kirki ne, ashe ba a taɓa gwada ni ba ne.

An ce asibitinku aka wuce da malamar. Kada ki gaya mini lambar gadonta, amma ki gaya mini ko za ta taka.

Ki sa ni a addu'a.

Mahaifinki

*

Zuwa ga Uwata,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gidanki. Saƙonki ya iso: za ta taka, amma da sanduna biyu, kuma tsayuwar aji ta ƙare mata. Na ji sauran maganganun da kika gaya mini a waya. Ba ki taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar, kuma ba ki yi laifi ba.

Na je na faɗa. Na ajiye gwangwanaye biyu a teburin Ciyaman, na ce ya juya su yadda ya ga dama, sannan ya ce in nuna masa ja. Na duba, na sake dubawa, na kasa. Ba wanda ya zage ni, da sun zaga ma da ya fi mini sauƙi. Sakatare ya karɓi buroshi a hankali, kamar yana karɓar wuƙa a hannun mara lafiya.

An cire allon taswira daga bakin kasuwa. Masu kawo baƙi daga birni sun ce sun soke garinmu, kwamiti kuma ya ce a bi duwatsun da farar ƙasa a shafe. Mai shayin gada ya kwashe bencinsa, masu tukwane sun rasa masu sayen tsaraba. Kekuna goma sha ɗaya suna jingine a shago, tayoyinsu na sacewa ɗaya bayan ɗaya, ban ko ɗauko famfo ba.

Jiya da hantsi na sauka mashigi. Ban hau keke ba, tura shi na yi, shi ne sandata yanzu. An kwance wa Mai Fito sarƙa, na ji yana kwarfe ruwa daga kwale-kwale. Na yi sallama ya amsa. Na fara ba shi haƙuri, ina bayanin ido, sai ya katse ni.

Ya ce ya sani. Shekara biyu ke nan yana ɗaga mini hannu daga tsakiyar kogi ba na amsawa, tun lokacin ya gane, ya rufa mini asiri. Ranar zaman kwamiti, da ya buɗe baki kalma ɗaya ta wanke shi. Ya yi shiru ne don kada a ji daga bakin wani, yana jira in miƙe. Ya ce har ya gyara zama ya ba ni hanya.

“Fenti tsautsayi ne, ban riƙe ka da shi ba,” in ji shi. “Amma kwana ashirin da uku, Feda. Kullum da asuba ina gaya wa matata yau zai faɗa.”

Daga nan ya tura kwale-kwalensa. Babu fasinja ko ɗaya a ciki, babu kuma mai jira a wancan ƙetaren, na tambayi wani manomi ya tabbatar mini. Ya haye ne kawai don kogin ya shiga tsakaninmu. Na zauna a bakin ruwa har rana ta take, bai dawo ba.

Ki zo ki ɗauke ni, Uwata, duk ranar da kika samu hutu. Ba don ido ba, na san ya riga ya tafi, kada ki wahalar da likitocinku. Garin ne ba zan iya ba. Idan mun isa, ki kai ni bakin gadon malamar nan. Ki riƙe hannuna da kyau a ƙofar ɗakin, domin na san halina yanzu, zan iya wucewa.

Allah ya ba ki 'ya'ya masu jin ƙanki.

Mahaifinki